Wai su waye 'yan Malabarin nan da ke ko'ina?

Baban Khalifa (Riyad): Salamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, wanda ya sani ya taimaka. Shekarata shida a ƙasar nan ina jan motar kamfani, har yau ban shiga lungun da ban tarar da mutanen nan da Larabawa ke ce wa Malabari ba. Bufiyar da nake shan shayin safe tasu ce. Baƙalar ƙasan gidanmu, wato shagon kayan masarufi, tasu ce. Mai lissafin albashinmu nasu ne, nas ɗin da ta yi min allura watan jiya ma tasu ce. Da duk Indiyawa ɗaya ne a wurina, sai jiya na yi wa yaron bufiya ɗan Indiyancin da na tsinta a fim, ya bushe da dariya ya ce shi ma a nan Saudiyya ya koyi wannan yaren, ba shi suke yi a gida ba. Wai shi Malayali ne daga Kerala. To su waye, kuma me ya koro su daga garinsu haka kamar farin dango?

Auta: Hhhh Baban Khalifa, ashe Indiyancin naka na banza ne. Ka yi asarar kuɗin kallo.

Malam Na-Samaru: Wa alaikumus salam. Yaron ya faɗa maka gaskiya. Kerala jiha ce a can ƙurewar kudu maso yammacin Indiya, siririya kamar zare, tsakanin teku da jerin duwatsu. Faɗinta bai kai na jihar Kaduna ba, amma a ƙidayar 2011 mutanenta sun haura miliyan 33. Harshensu Malayalam, mai jin sa kuma shi ne Malayali. A harshen nasu "mala" dutse ke nan, daga nan sunan Malabar da Larabawa suka san gaɓar da shi ya fito. Malayalam ba dangin Hindi ba ne sam. Ɗan'uwan Tamil ne, daga tsohon Tamil ya ɓalle sannu a hankali ƙarnuka da yawa da suka wuce, sannan ya kwashi kalmomin Sanskrit, tsohon harshen littattafan Hindu, ya cika ciki. Nisan da ke tsakaninsa da Hindi ya yi kamar na Hausa da Yarabanci. Jihar kanta ma saboda harshen aka yanke ta, ranar 1 ga Nuwamba 1956, aka haɗe masarautun Travancore da Kochi da yankin Malabar da Turawan Ingila suka mulka kai tsaye.

Alaramma Mai Zaure: Malam ya yi bayani, amma ya bar mafi daɗin. Mutanen nan Musulunci ya riga zuwa wajensu kafin ya zo ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru, kuma ba da takobi ya je ba, fatake ne suka kai shi ta ruwa. Akwai masallacin Cheraman a garin Kodungallur, an gina shi a 629, Manzon Allah (SAW) yana raye. Sarkinsu ne ya ga tsagewar wata, ya tafi Makka ya musulunta, daga baya Malik bin Dinar ya zo ya kafa masallatai.

Malam Na-Samaru: Allah gafarta Malam, a nan zan ɗan ja birki. Labarin sarki da shekarar 629 riwaya ce da mutanen wurin ke bayarwa, kuma suna ji da ita, amma masu binciken tarihi da yawa suna ganin ginin bai kai wannan tsufan ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne wasu allunan tagulla na garin Kollam, na wajen 849, inda wani sarki ya ba 'yan kasuwa Kiristoci izini, kuma cikin shaidun da suka sa hannu akwai sunayen Musulmi da rubutun Kufi. Ka ga ko da wannan aka tsaya, sun daɗe.

Alaramma Mai Zaure: To Malam, ai mu ma Bayajidda ba mu da rasit ɗinsa, amma ba mu fasa nuna rijiyar Kusugu ba. Na karɓi gyara. Sai dai ga wanda na gani da idona. Wani Bamalabare da muka zauna kusa a Harami shekarun baya ya buɗe wani ɗan littafi yana rerawa a hankali. Na leƙa, baƙaƙen Larabci ne, da wasu ɗige-ɗige da ban saba gani ba, na karanta ban gane ko kalma ɗaya ba. Ashe ajami ne! Suna da nasu ajamin, suna ce masa Arabi-Malayalam, sun ƙara wa haruffa ɗigo don su ɗauki sautinsu, yadda malamanmu suka yi wa tsa da ɓa. Abin da yake rerawa kuwa waƙar yabon Shehu Abdulƙadir Jilani ce, Muhyiddin Mala, wadda wani alƙalin birnin Kalikut na gaɓar Malabar ya tsara a 1607. Sai na ji kamar ina Kabara ranar maukibi. Su Shafi'awa ne, ba Hanafawa irin na arewacin Indiya ba, kuma littafin fiƙihun nan Fathul Mu'in ɗan garinsu ne ya rubuta, Zainuddin na Ponnani.

Ɗan Damagaram: Ikon Allah. To Larabawan me suka je nema har can?

Malam Na-Samaru: Masoro, ɗan'uwa. Baƙin masoro da citta da sauran kayan ƙamshi. Tun zamanin Rumawa jirage ke bin iskar damina su tsallaka tekun zuwa tashar Muziris, su zube zinariya su loda masoro. Iskar kan kawo su a wani lokaci na shekara, kuma ba ta juyawa sai bayan watanni, dole fatake su zauna jira. Namiji kuwa in ya yi wata huɗu a gari, ka san sauran zancen. Daga irin wannan auratayya, da kuma 'yan ƙasa da suka musulunta, Musulmin Malabar da ake kira Mappila suka samo asali. Haka Kiristocinsu, su ma sun riga Turawa: suna cewa Toma almajirin Annabi Isa ne ya sauka wajensu a shekara ta 52. Yahudawa ma sun zauna a Kochi, majami'arsu ta 1568 na nan har yanzu ko da yake kusan duk sun koma Isra'ila. Kai ɗan Nijar ga naka: Ibn Battuta da ya zo Takedda har ya ambaci Gobir, shi ne dai ya zauna a Kalikut kimanin shekara goma kafin nan, yana tsaye a gaɓa guguwa ta farfasa jirgin da aka loda wa kyautar da zai kai wa sarkin Sin. Vasco da Gama kuma kusa da Kalikut ɗin ya sauka a 1498, a Kochi ya mutu a 1524.

Ɗan Damagaram: Ke nan su ba yau suka fara ganin baƙo ba. Amma wannan duk zuwan wasu ne wajensu. Tambayar Baban Khalifa fitarsu ce.

Tsohon Hedimasta: Bari in sa baki, don ni na san su tun kafin a haifi da yawanku. A 1977 ina aji uku a sakandare, malamin lissafinmu da na kimiyya mata da miji ne daga Kerala. Abin ya ɗaure mana kai: Ba'indiye baƙi kamar mu, ga sunansa na cikin Baibul, ranar Lahadi ya ɗauki iyalinsa a ƙaramar Beetle su tafi coci. Da yamma in ka je gidansa kai littafi, za ka same shi ya cire wando ya ɗaura farin zane kamar mai shirin shiga wanka, matar tana kankare kwakwa a kan wani ɗan benci mai haƙori. Mu yara muna ƙunshe dariya. Amma wallahi mutumin nan bai taɓa makara ba, kuma in ka faɗi jarrabawarsa shi ne zai fi ka baƙin ciki. Lokacin gwamnati ta buɗe makarantu ko'ina babu malamai, aka ɗebo su da yawa, har ƙauyukan da ɗan birni ba ya yarda a tura shi. Da naira ta fara rauni a shekarun 1980, tura kuɗi gida ya yi wuya, sai suka tattara. Wasu suka koma gida, wasu suka gangara kudancin Afirka. Kafin mu ma sun yi koyarwa a Habasha zamanin Haile Selassie. Abin da nake so ku lura shi ne, ba da ƙarfin damtse kaɗai suka fita ba, da alli suka fita.

Auta: Baba Hedimasta, Allah ya ƙara lafiya. Zanen nan har yau suna ɗaurawa, ina ganinsu a bidiyo sun naɗe shi zuwa gwiwa.

Baban Khalifa (Riyad): Mundu suke ce masa. Ranar Juma'a in an tashi aiki duk ɗakinsu shi ne.

Malam Na-Samaru: Maganar Baba ita ce gindin zancen. Tun 1817 sarauniyar Travancore ta ba da umarni cewa baitulmali ne zai ɗauki nauyin karatun talakawa. 'Yan mishan suka zo suka buɗe nasu makarantun, har da na mata. Sannan ƙananan dangogi da aka danne, waɗanda da ko hanyar gidan bauta ba a bari su bi, suka tashi ƙarƙashin irin su Narayana Guru suka ce karatu ne mafita. A 1957 suka zaɓi 'yan gurguzu da ƙuri'a, E.M.S. Namboodiripad ya zama babban minista, daga baya aka karɓe filaye daga manyan masu ƙasa aka ba masu noma su. Zuwa 2011 kusan kashi 94 cikin ɗari sun iya karatu da rubutu. Sai dai ga matsala: an karantar da kowa, amma masana'antu ba su taka kara sun karya ba, ƙasa kuma ta yi kaɗan. Yaro ya gama makaranta, ba gona ba aiki. Da farko suka riƙa tafiya Silon (Sri Lanka ta yau) da Malaya da Bama da Bombay. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, ƙasashen Larabawa suka buɗe baki suna neman ma'aikata, sai hanyar da kakanninsu suka sani ta juya. Na farko-farko ma a jiragen katako suka riƙa tafiya ba takarda, a sauke su kusa da gaɓar Khor Fakkan ta Imarat su ƙarasa da iyo.

Injiniya (Sharja): Ku yi haƙuri, yabon ya isa haka, bari in kawo ɗaya gefen. Na yi shekara uku a wani kamfanin gine-gine a nan. Duk gurbin da ya buɗe, kafin a manna sanarwa sun riga sun kira ƙanin matar wani daga Malappuram ya hau jirgi. Na kai takardun wani yaronmu da ya fi cancanta, mai karɓar takardun nasu ne, har yau shiru. A taro ana magana da Turanci, sai biyu su juya harshe, su gama yanke shawara, kai kana zaune kamar gunki. In wannan ba ƙabilanci ba ne, ku gaya min sunansa.

Maman Ilham (Ingila): Injiniya, abin da aka yi wa yaronku ba daidai ba ne, ban musa ba. Amma ka je Kantin Kwari ka ga ko mai shago yana manna sanarwa kafin ya ɗauko ɗan yayarsa daga ƙauye. Ni nas ce, rabin waɗanda muke kwana a ɗakin marasa lafiya tare 'yan Kerala ne. Abin da na gani shi ne, kafin sabuwa ta sauka daga jirgi an samo mata ɗaki, an ajiye mata tukunya da bargo, wata ta ba ta takardun da ta yi bitar jarrabawa da su. Ni da na zo, sati biyu ina cin burodi da shayi don ban san inda ake sayar da komai ba, alhali akwai 'yan gida a garin. Kuma wannan harka ta jinya tsohuwa ce a wajensu, tun shekarun 1960 coci ke tura 'yan matansu Jamus. Yawanci macen ce ke fara fita, ta kafu, sannan ta ɗauko mijin. A zaɓen 2024 wani nas daga Kottayam, Sojan Joseph, ya ci kujerar majalisar dokoki a Ashford. Ranar a wurin aikinmu har alewa aka raba.

Injiniya (Sharja): Hajiya, taimakon ɗan'uwa daban, toshe wa wani hanya daban.

Maman Ilham (Ingila): Haka ne. Ni dai cewa nake, rabin haushin da muke ji haushin kanmu ne.

Ɗan Damagaram: Mace ta fita ta bar miji a gida? Su ba sa jin komai?

Malam Na-Samaru: Suna ji mana, amma akwai tarihi. Wasu dangoginsu, musamman Nayar, da ma wasu Musulmin yankin Kannur, gado ta ɗakin uwa suke bi a da. Gida na mata ne, kawu ne ke riƙe da dukiya, ɗa ya gaji ɗan'uwan uwarsa. Gidan sarautar Musulmi na Arakkal mata sun sha hawa gadonsa. Doka ta rushe tsarin a tsakanin Hindu a shekarun 1970, amma saurarsa na nan a ɗabi'a. Kai da ke maƙwabtaka da Buzaye bai kamata abin ya ba ka mamaki ba.

Ɗan Damagaram: Malam ka kama ni.

Baban Khalifa (Riyad): Wani abu da na lura, suna adashe kamar matan unguwarmu. Duk ƙarshen wata sai ka ga an taru ɗaki ɗaya ana zuba riyal ana rubutawa a littafi. Kuri suke cewa, ko citti.

Hajiya Uwar Adashe: Yauwa, an zo fagena. Wa ke riƙe musu, kuma in wani ya ci ya gudu fa?

Malam Na-Samaru: Hajiya, nasu ya wuce na ɗaki. Gwamnatin jihar tana da kamfanin adashe nata tun 1969, KSFE, har ta buɗe wani na musamman don 'yan ci-rani su riƙa zubi ta intanet. Tun 1996 suna da ma'aikata guda, NORKA, ba ta da aiki sai kula da waɗanda ke waje da waɗanda suka dawo. Filin jirgin Kochi da aka buɗe a 1999 har da hannun jarin 'yan ci-rani aka gina shi. Ƙaramar jihar nan filayen jirgi huɗu gare ta masu zuwa ƙasashen waje. Kuma suna ƙirga mutanensu: binciken 2023 ya ce kimanin miliyan 2.2 ne ke waje, kuɗin da suka turo gida a shekarar ya haura rupi tiriliyan biyu. In ka juya shi zuwa dala, ya fi abin da duk 'yan Najeriya mazauna waje suka turo a wannan shekarar.

Hajiya Uwar Adashe: Gwamnati da kanta uwar adashe! Mu nan in aka ba gwamnati zubi, sai dai a ji ɗauka ta faɗa kan wanda bai zuba ba.

Injiniya (Sharja): To ai ga tambayar da nake so a amsa. In jihar ta ci gaba haka, me ya sa sai ɗanta ya je ya soya ƙwai a bufiyar wani sannan uwarsa ta ci abinci? Kowa na kawo misalin Yusuff Ali mai manyan kantunan Lulu, wanda ya zo Abu Dhabi a 1973 ya zama hamshaƙi. Shi mutum ɗaya ne. Ku zo Sonapur ta Dubai ku ga inda leburori ke kwana, gado bisa gado. A watan Yunin 2024 gobara ta tashi a wani gidan ma'aikata a Mangaf ta Kuwait, mutum kusan hamsin suka mutu, fiye da ashirin daga Kerala. A 1990 da Saddam ya shiga Kuwait, Indiyawa kusan 170,000 aka kwaso ta Amman, da yawansu 'yan Kerala, kowa ya baro abin da ya tara. Saudiyya ta kawo Nitaƙat, tsarin tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa aiki, dubbai suka koma. Annobar korona ta zo, haka. Arzikin da ke rataye a ikama, takardar izinin zama a ƙasar wani, ai ba naka ba ne.

Tsohon Hedimasta: Injiniya, wannan karon ina bayanka. Ci-rani mun san shi, amma namu da na sani a da, da saukar ruwan fari mutum ya dawo ya kama fartanya. Nasu ranin ba ya ƙarewa.

Maman Ilham (Ingila): Wannan gaskiya ne, kuma su ma suna faɗa. Abokiyar aikina ta nuna min hoton gidan da suka gina a ƙauyensu, bene mai ɗaki biyar, ga itatuwan kwakwa kewaye. Na ce wa ke ciki? Ta ce surukarta ita kaɗai, da kyamara a falo da suke leƙa ta daga nan ta waya. Ta ce a layinsu gida uku a kulle suke. Haihuwa ta ragu, matasa sun fita, yanzu ma ɗalibai ne ke tururuwa zuwa Kanada da Ingila da Ostareliya, kuma waɗannan ba kamar na ƙasashen Larabawa ba ne, in sun samu takardar zama ba dawowa za su yi ba. Ita kanta ta girma ba ta san babanta sosai ba, duk shekara biyu yake zuwa hutun wata biyu da akwati cike da turare da madarar gari. Ta ce uwarta kaset take ɗauka da muryarta a aika masa, har waƙoƙin wasiƙa gare su na matan da aka bari.

Malam Na-Samaru: Abin dariyar kuma, aikin ƙarfin da suka bari a gida wasu ne ke yi. Magina da leburori daga Bengal da Assam da Odisha da Bihar sun cika Kerala, don ladan yini a can ya fi na garuruwansu nesa ba kusa ba. Su Kerala ce Dubai ɗinsu.

Alaramma Mai Zaure: Ni abu ɗaya ya tsaya min a rai. In ɗansu ya rasu a waje ba a barin gawarsa a firji wata da watanni. Ƙungiyoyinsu irin KMCC ta Musulmin Kerala mazauna waje za su bi takardu, su haɗa kuɗi. Akwai wani bawan Allah a Imarat, Ashraf Thamarassery, da ya mayar da wannan aikinsa, ya raka gawawwaki dubbai zuwa gida, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, har gwamnatin Indiya ta karrama shi. Mu fa? Baban Khalifa, ku da ke can, in wani ya faɗi wa ake kira?

Baban Khalifa (Riyad): Allah gafarta Malam, sai dai a yi ta turawa a guruf ana cewa a taimaka. Bara mun yi wannan wahalar, ba na son tunawa.

Injiniya (Sharja): A wannan kam na sallama musu.

Auta: Ni duk ba wannan ba. Da gaske ne suna cin naman shanu? Na ɗauka Ba'indiye ba ya taɓawa.

Baban Khalifa (Riyad): Auta, suna ci har su fi ka. Soyayye da kwakwa da masoro, a haɗa da wata gurasa mai saɓi-saɓi da suke kira porotta. Har wasu Hindunsu na ci. Lokacin bikinsu na Onam kuma sun gayyace ni, ranar babu nama ko ƙwaya, aka shimfiɗa ganyen ayaba aka jera miya kala-kala har na daina ƙirgawa, Musulminsu da Kiristansu da Hindunsu duk a tabarma ɗaya. Yanzu nan na dawo daga bufiyar, na karanta wa yaron wasu daga cikin maganganunku da ɗan Larabcin da muke haɗawa. Ya ce a gaida Baba Hedimasta, wai ƙanin kakansa ma ya yi koyarwa a Najeriya, amma bai riƙe sunan garin ba, zai tambayo. Maganar Injiniya kuma bai musa ba. Ya ce babansa shekara 28 ya yi a Jidda, shi kuma ya rantse ba zai wuce biyar ba. Na ce yanzu shekararka nawa a nan? Ya ce tara, ya juya ya ci gaba da zuba shayi.

Tsohon Hedimasta: Ina amsawa. Ka ce ya tambayo har da shekarar, da darasin da ya koyar. In Beetle ɗinsa ruwan toka ce, a ba ni lambar gidan.